Tsohuwar Rigar Barci

Yanzu dai in aka tuna da maganar a gidan, dariya ake yi. Yaya takan riƙe ciki har hawaye su zubo mata. Mijin ƙanwarta, makanike, ya ce ai shi tun farko ya so ya gane, a ce masa ya rufe wa mutane baki. Ita ma mai abin takan yi murmushi. Amma a kwana goma sha ɗaya da Kumatu ya yi yana ƙin nononta, ko haƙorinta ba wanda ya gani.

Tsaf-tsaf ake ce mata a wurin aiki, kuma ta ci sunan. Shara da goge-goge take yi a ɗakin yara na wani asibiti, daga bakwai na safe zuwa biyu na rana. Gado ashirin da huɗu ne, da banɗaki uku, da wata doguwar baranda. Sauran masu shara da sun ja mofar goge ƙasa a tsakiyar ɗaki sun gama. Ita kuwa sai ta durƙusa ta bi ƙafafun gado ɗaya bayan ɗaya, ta goge mariƙin ƙofa, ta goge makunnin fitila, har bayan kwandon shara sai ta leƙa.

Kumatu shi ne ɗanta na fari. Babansa ne ya laƙaba masa sunan, don duk ƙibarsa a fuska ta taru. Wata huɗu ya yi yana shan nono ba ji ba gani, in ya kama sai ya yi barci a kai. Da hutun haihuwa ya ƙare, yayarta ta zo ta zauna da su don ta riƙa riƙe shi da safe. Tsaf-tsaf takan tatsi nono ta bari a kwalba, Yaya ta ba shi da ɗan ƙaramin kofi, in ta dawo da rana ya kama kayansa.

A satin da ta koma aiki akwai wata jaririya a gado na bakwai, sa'ar Kumatu, mai amai da gudawa. Kwana uku Tsaf-tsaf tana goge ƙarƙashin gadon, tana yi wa uwar sannu. Rana ta huɗu ta shigo da bokitinta ta tarar ba kowa, an naɗe katifa. Ba ta tambayi kowa ba, don tana tsoron amsar. Ta goge gadon sau uku. Daga ranar wani tunani ya shiga kanta ya yi zaune: duk abin da ke ƙasan ɗakin nan yana jikinta, kuma ita ce za ta kwasa ta kai wa ɗanta.

Sai ta tsara wa kanta doka. Da ta shigo gida ba ta kallon inda yaron yake, ko da yana tsala kuka. Takalmi a waje, kayan aiki cikin ruwan bilic, ita kuma banɗaki. Wanka biyu take yi da jan sabulun nan mai kashe ƙwayoyin cuta, ta dirje jikinta har fata ta yi zafi. In ta fito ta ɗauko auduga da sifirit, irin wanda ake gogewa kafin allura, ta goge hannuwanta, ta goge wuyanta, ta goge nonon tas. Sannan ta sa riga mai guga ta ce, "Yaya, miƙo shi."

Kwana biyu na farko ya sha yana yatsina. Rana ta uku ya kai baki, ya tsaya, ya kawar da kai. Ta juya shi ɗaya ɓangaren, ya banƙare ya sa ƙafa ya tokare cikinta, ya fashe da wani irin kuka kamar an tsikare shi da allura. Yaya ta karɓe shi, ta zuba masa nonon kwalba a kofi, ya shanye har yana lasar leɓe.

"Rigimar yara ce, Auta," in ji Yaya. "Gobe zai kama."

Gobe ta zo bai kama ba, jibi ma haka. Abin da ya fi ci mata rai, nonon nata ne dai yake sha, a kofi, a hannun wata. Wato abincin yana so, mai abincin ce ba ya so. Ga kuma babansa. Da yamma zai shigo daga gareji, farcensa baƙi ƙirin, rigarsa tana warin baƙin mai, ya ɗauraye hannu sama-sama ya ce, "Ina mutumina?" Kumatu ya wangale baki, ya cusa fuska a wuyansa yana dariya.

"Kin ga ɗan halak," in ji makanike, shi a dole yana so ya sa ta dariya. "Maman Kumatu, ko garejin za ki koma ne?"

Ta tashi ta shige ɗaki. Shi bai san abin da ya faɗa ba, ya bi ta da kallo yana tambayar Yaya da ido. A ɗakin ta zauna bakin gado ta dubi hannuwanta, duk sun tsage saboda wanki. Ta ce a ranta ƙila tsaftar ce ba ta isa ba, yaron yana jin cutar a jikinta. Washegari ta mayar da wankan uku.

Abinci ya daina shiga mata. Tana cikin goge baranda sai ta ga hawaye na ɗiga a inda ta goge, ta sake gogewa. Nonon da take tatsa ya koma rabin kwalba, sannan ya koma ƙasa da rabi. Kowa a gidan maganar Kumatu yake yi: ya sha, bai sha ba, ya yi kashi, ya yi barci. Ita ma maganarsa take yi, ba ta taɓa tunanin akwai wata magana ba.

A rana ta goma aka sallame su da wuri. Ta shigo ta tarar gidan shiru, Yaya tana wanke-wanke a baya. Ta leƙa ta taga kafin ta shiga wanka, sai ta hango Kumatu yana barci, fuskarsa a cushe cikin wani tsumma mai ruwan toka. Ta gane shi nan take. Tsohuwar rigar barcinta ce, wadda ta kwana da ita tun tana da ciki har bayan haihuwa, duk tabon nono a gaba. Ita da hannunta ta jefa ta kwandon tsummokara ranar da ta fara dokar wanka.

"Yaya!" Ta ƙwala kira. "Wannan ƙazantar kika sa wa yaro a hanci? Ko wanke ta ba a yi ba!"

Yaya ta fito tana yarfe hannu. "To, tunda kin gani. Ni ma ban san dalili ba. Ran nan ya ƙi shiru, na jawo ta in goge masa tumbuɗi, sai ya damƙe ta ya yi luf. Tun daga nan in ba da ita ba, ba ya barci. Ɓoye ta nake yi kafin ki dawo, don na san halinki."

Tsaf-tsaf ta tsaya tana kallon yaron, ya riƙe wuyan rigar da hannu biyu. Faɗan ma ya ƙare mata. A hankali ta ce, "Har tsumma ya fi ni a wurinsa."

"Auta, wace irin magana ce wannan?"

"Ranar Asabar za ki koma gida, ko? Ki tafi da shi. A saya masa madarar gwangwani. Ya fi jin daɗinki, ni ban iya ba."

Yaya ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ce in babansa ya ji sai ran kowa ya ɓaci. Tsaf-tsaf ta juya ta shige banɗaki. Ta yi wankanta uku, ta ɗauko jaka ta fara ninke kayan yaron tana jerawa ciki, tsaf, kamar yadda take yin komai.

Washegari da hantsi tana zaune kan kifaffen bokiti a ɗan ɗakin da suke ajiye tsintsiya da mofa, tana tatsar nono, aka turo ƙofa. Sista Babba ce, tsohuwar nas ɗin da ke shugabantar ɗakin yaran, mai tabarau a ƙarshen hanci. Safar hannu ta zo nema. Ta dubi kwalbar da ko gindinta bai rufe ba, ta dubi fuskar, sannan ta kama hannun Tsaf-tsaf ta juya shi a haske.

"Me ya ci miki hannu haka?"

"Sabulu ne, Sista. Yaron ne ya ƙi nono, yau kwana goma sha ɗaya. Na rasa..."

"Za mu zo kan yaro." Sista ta jawo wani bokitin ta kife, ta zauna da ƙyar tana dafa gwiwa. "Ke nake tambaya. Kina barci? Kina cin abinci? Yaya zuciyarki take?"

Tun da ta haihu ba wanda ya yi mata wannan tambayar. Ta buɗe baki za ta ce lafiya lau, sai kuka ya riga ta. Ta faɗi komai, gaba da baya a cakuɗe: wanka uku, bilic, tunanin da ba ya barinta ko tana salla, jakar da ta haɗa, rigar barci, da jaririyar gado na bakwai da ta rasu.

"Wace ce ta rasu?" in ji Sista.

"Mai gudawar nan. Na zo na ga an naɗe katifa."

"Ke 'yar nan! Sallamarsu na yi da yamma, ni da kaina. Shekaranjiya ma uwar ta kawo ta awo, ta yi ɓul-ɓul, har tabarau ta fizge min. Wanda ya warke ma ai naɗe katifarsa ake yi."

Tsaf-tsaf ta saki baki. Wani abu da ya tokare mata ƙirji kusan sati biyu ya ɗan sassauta, ta ja numfashi har ƙasa. Sista ba ta bar ta ta huta ba. Ta matso, ta sunkuya ta shinshina wuyanta kamar mai sayen turare, ta yamutsa fuska.

"Da me kike goge jikinki?"

"Sifirit. Kafin in ba shi."

"Har nonon?"

"Shi ma na fi gogewa."

Sista ta cire tabarau ta rufe ido da tafin hannu. Kafaɗunta suka fara rawa, ashe dariya take yi. "Allah ya shirye ki, 'yata. Ni da nake da hancin tsufa, in na rufe ido sai in rantse teburin allura ne a gabana. To ina ga jariri? Shi fa ba da ido kaɗai ya san uwarsa ba. Tun ranar da ya faɗo, ƙamshin jikinki yake bi ya samo nono. Kin bi kin wanke shi kaf, kin shafa wa abincinsa abu mai ɗaci, kin miƙa masa. Babansa da kika ce yana warin mai, ai da warin ya san shi tun farko. Rigar nan kuwa da kike kishi da ita, wa ya kwana a cikinta wata da watanni?"

Tsaf-tsaf ta dafa ƙirjinta.

"Nemanki yake yi," in ji Sista. "Inda ya samu sauranki, nan ya riƙe."

Ta sake fashewa da kuka, amma wannan kukan daban ne, mai sauƙin fita. Sista ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ba ta umarni kamar yadda take ba ƙananan nas. In ta koma gida ta sauya kaya, ta wanke hannu da sabulu na gida, ta watsa ruwa zalla sau ɗaya, shi ke nan. Ba jan sabulu, ba sifirit. Ta kwantar da yaron a ƙirjinta, fata da fata, kada ta tura masa nono, ta bar shi ya nema da kansa.

"Ba zan rantse miki zai kama yau ba. In bai kama ba ku zo min da shi gobe in duba bakinsa da kunnensa. Amma saura ke. Wannan tsoron da ya hana ki barci ciwo ne, yana kama mata da yawa bayan haihuwa, kuma ana maganinsa. Ba rashin iya uwa ba ne. Don kin ji yarinyar nan tana raye ba zai tafi yau ba. Ranar Laraba ni zan raka ki wurin likita, ki faɗa masa abin da kika faɗa min."

A hanyar gida ji take kamar ta sauka daga motar haya ta ruga da gudu. Amma da ta shiga banɗaki ta ga jan sabulun a mazauninsa, sai hannunta ya tafi wurinsa da kansa. Tunanin ya dawo da ƙarfinsa: gado ashirin da huɗu, banɗaki uku, duk a jikinta. Ta leƙo ta kira Yaya, ta faɗa mata abin da Sista ta ce. Yaya ba ta tsaya jin ƙarshe ba. Ta shiga ta kwashe sabulun da kwalbar sifirit ta ƙulle a bakin zaninta, ta ja kujera ta zauna a ƙofar.

"Bokiti ɗaya na ba ki. In na ji kin ƙara buɗe famfo, shigowa zan yi in fito da ke, kin san ni."

Ta fito, ji take ba ta yi wanka ba sam. Yaya ta miƙo mata tsohuwar rigar barcin. Ta dube ta, ta dubi tabon da ke gabanta, ta runtse ido ta zura. Ta kwanta rigingine a gado, ta buɗe gaban rigar, Yaya ta tuɓe Kumatu ta ɗora mata shi a ƙirji ta fita ta jawo ƙofa.

Ya fara ƙananan kuka, ya ɗaga kai zai banƙare. Ta danne zuciyarta ba ta motsa ba. Ya mayar da kan ya kwantar, ya goga hancinsa a wuyan rigar, ya goga a fatarta. Can sai ya yi ajiyar zuciya, jikinsa ya saki, ya yi barci. Bai kama ba. Amma rabon da ya kwanta a jikinta ba kuka, kwana goma sha ɗaya ke nan, kuma ta ji ko iya nan aka tsaya ta gode wa Allah.

Ɗakin da zafi, ga an ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Gumi ya fara tsattsafo mata a wuya da tsakanin ƙirji. Da jiya ne da tuni ta tashi ta nemi auduga. Ta bar shi ya gangara. Tana jin bugun zuciyar yaron a kan tata, tana jin Yaya a waje tana kaiwa da komowa, wai ita shara take yi.

Wajen la'asar ya motsa. Ido a rufe ya fara juya kai, baki a buɗe, yana dungure-dungure da kumatun nan nasa. Ya wuce wurin, ya dawo, ya lasa, ya tsaya kamar mai tunani. Ita ko numfashi ba ta yi. Sai ya kama.

Ta ji zafin jan farko, sannan ta ji nonon ya sauko, har ɗayan yana zuba a rigar. Yana haɗiya tana ji, ƙut, ƙut, ƙut. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ta, ya ɗora hannu a kan tsagaggen yatsanta ya damƙe. Daɗi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta, tana dariya hawaye yana shiga mata kunne.

"Yaya," ta ce ƙasa-ƙasa, don kada ya saki. "Yaya, zo ki gani."

Ashe Yaya tana maƙale a jikin ƙofa. Ta shigo da tsintsiya a hannu, ta gani, ta zauna daɓas a ƙasa tana hamdala. "Ja'iri! Ka ga yadda yake zuƙa, kamar ba shi ba. Ka wahalar da mu, Allah ya shirya ka."

A haka makanike ya same su. Ya tsaya a bakin ƙofa da baƙin hannunsa, ya kasa cewa ina mutumina. Da aka ba shi labari, har da maganar jaka, sai ya shigo ɗakin. Ya zo ya durƙusa a gefen gadon.

"Maman Kumatu, duk wannan yana cikinki, ni ina ta zolaya? Ki yafe ni. Larabar nan da ni za a je, garejin ya jira."

"Ka fara wanke hannu dai," in ji ta. Suka dube ta su duka biyu, sai ta yi dariya. "Sau ɗaya. Da sabulun gida."

Ciwon bai tafi a rana ɗaya ba, kamar yadda Sista ta faɗa. Sun je wurin likita, ya saurare ta, ya sa mata ranar dawowa. Akwai ranakun da takan tsaya a banɗaki tana kallon famfo, sai ta kira Yaya ta tsaya mata a ƙofa har abin ya wuce. Yaya ta ɗage tafiyarta da wata guda, ta zazzage jakar nan ta mayar da kayan yaron cikin durowa, ko ninkewa ba ta yi ba, Tsaf-tsaf ta gani ta ƙyale. Abinci ya fara shiga, kwalba ta fara cika. A wurin aiki har yanzu tana bin ƙafafun gado, sai dai in ta ga an naɗe katifa takan tambaya.

Wata ranar Lahadi da safe Yaya tana haɗa wanki, ta ɗago rigar barcin da yatsa biyu, ta nesanta ta da hancinta. Kwana biyar ke nan Kumatu bai neme ta ba.

"Auta, wannan abar fa? Ta kai inda ko ni ba na iya zama kusa da ita. In ajiye masa ne, ko da zai tashi rigima?"

Tsaf-tsaf tana zaune a tabarma, Kumatu ya ƙoshi ya cusa fuska a wuyanta yana barci, yawunsa yana gangara mata cikin riga. Ta dubi rigar, ta gyara masa kwanciya.

"Wanke ta, Yaya," ta ce. "Mai rigar ta dawo."